Nauyin Kanar

Ku da kuka san shi a hoton bango,
hula mai gashin tsuntsu, takobi kwance bisa cinya,
ku zo in gaya muku nauyinsa.
Ni ne Dhane Bohara, kafaɗar hagu ta baya.
Shekara talatin da ɗaya gorar kujerarsa na cin wannan ƙashi.
Taɓa ka ji, kantar ta fi ta dunduniya.

Ranar da muka fara ɗaukar Harka Dhoj Bogati
a mashigar kogin Karnali,
gashin baki bai gama rufe masa leɓe ba.
Daga yaƙin kan duwatsu ya sauko,
ƙanƙara ta cinye masa yatsun ƙafa biyu,
mutanensa ɗari sun koma arba'in da bakwai.
Bai fi buhun gishiri ba.
In hawa ya yi tsanani sai ya ce a sauke shi,
ya bi mu da ɗingishi
yana tambayar sunayen itatuwa.

Sai takarda ta zo daga Kathmandu da jan hatimi,
aka ba shi Doti ya riƙe.
An busa ƙaho, an yanka bunsuru a gaban gunki,
an shafa masa jar shinkafa a goshi.
Washegari na sa kafaɗa, na ji an canza mutum.

Kada ku ce man shanu ne da shinkafa.
Na san nauyin ƙiba, a cinya yake zama.
Wannan daga ƙirji yake saukowa.
Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da gero,
ya karɓi haraji bai rage ko kwabo ba,
mata na miƙa tukwanen tagulla a bakin hanya,
shi ya ja labule.
Daga Silgadhi har gida ban ji tarinsa ba,
amma gora ta lanƙwashe kamar baka.

Shi ya sa aka ɗaura gadar sarƙa bisa Seti.
Yau jikokinku na ƙetare ta da awaki suna fito.
Ƙanena Jaymal na cikin waɗanda aka tara dole,
igiya ta kuɓuce, ruwa bai mayar da ko hularsa ba.
Kwana tara bayan haka, a tsakiyar hawa,
murya ta fito ta bayan labule:
"Bohara, 'ya'yansa nawa?"
Na ce huɗu.
Ya aika da ɓauna mai nono.
Ta yi shekara shida tana ciyar da su.
Ban yi godiya ba, bai kuma nema ba.

Fada kuwa tukunya ce, ba a san mai juya ta ba.
Ɗan kawunsa ya faɗi a can,
mu nan ƙurar ta rufe.
Wata takarda, hatimin dai ja.
Masu gaisuwar safe suka ɓace kamar raɓa.
Ya koma gidan laka a gefen gonar lemo,
yana bare wa jikarsa ɓawo da wuƙar da ta je yaƙi,
yana kiran sunayen hamsin da ukun nan
yana mantawa a na sha tara.

Ɗaukar ƙarshe ba kujera, ba labule.
Ɗanyar gora biyu, ƙyalle ruwan ɗorawa.
Ba aikina ba ne, na danginsa ne,
amma mazan gidan uku suka rage.
Suka dubi juna, na sa kafaɗa.
Muka gangara bakin Seti, ƙarƙashin gadarsa,
ɗansa da aski ƙwal ya kai wuta.

Kuna son sanin nauyinsa a ranar?
Buhun gishirin nan ne, da ruwa ya taɓa.

Har yau in zan hau tudu ni kaɗai
kafaɗar nan sai ta sunkuya,
tana jiran na gaba ya ce a ɗaga.